Ina So In Bar Banki In Koma Koyarwa A Jami'a, Hajiya Ta Ce A'a

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ni ke riƙe da mahaifiyarmu da ƙannena biyu da ke makaranta. Shekara 11 ke nan ina aikin banki a Kano, yanzu ni ne mataimakin manaja a inda nake. Ina da digirin farko a fannin gudanar da kasuwanci, na kuma yi MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci. Tun da aka fara sa ni horar da sababbin ma'aikata na gane cewa koyarwa ce ke faranta mini rai, ba bin masu kuɗi ana roƙon su kawo ajiya ba. Na karanta littattafan shugabanci da yawa, kuma burina in zama farfesa a wannan fanni, in riƙa koyar da manajoji. Wata jami'ar jiha za ta ɗauki malamai, wani abokina da ke ciki ya ce zai tsaya mini, sai dai albashin bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda nake karɓa ba. Hajiya ta ce kada in saki reshe in kama ganye. Maiɗakina ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta. Malam, in ajiye aikin ne? Ko kuwa na makara?

Mai neman mafita, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka da riƙon Hajiya da ƙannenka. Ba ka makara ba, amma kada ka ajiye aikinka a bana. Albashi yana cikin dalilai, za mu zo kansa, sai dai akwai abin da ya fi shi damuna a wasiƙarka.

Ka gaya mini kana jin daɗin tsayawa gaban sababbin ma'aikata, ka gaya mini ka karanta littattafai. Ba ka ambaci tambaya ko guda ɗaya da take cin ranka game da shugabanci ba, irin wadda ka duba littattafan ka rasa amsarta. To aikin da kake shirin shiga, kashin bayansa ke nan. Mai horar da ma'aikata daban, malamin aji daban, mai bincike daban, ko da yake mutum ɗaya kan haɗa su. Jami'a za ta ɗauke ka don aji, amma idan lokacin ƙarin girma ya zo, abin da kwamiti zai fi ƙirgawa shi ne maƙalun da ka buga a mujallun ilimi. Ajin ma ba irin wanda ka saba ba ne. A banki mutum 20 ne a ɗaki mai sanyi, kowa ya ƙagu ya burge ka. A jami'a za a ba ka ɗaruruwan ɗalibai 'yan aji ɗaya ko biyu, ka yi makin takardunsu da hannunka, a ɗora maka tattara sakamakon jarrabawa, a ƙara maka duba kundin masu kammalawa. Koyar da manajoji na ƙarshen mako kuwa, inda ake samun ɗan alawus mai kauri, manyan sashe ne ke fara zaɓa, sabon shiga sai abin da ya rage.

Idan ka binciki zuciyarka ka tarar horarwa kake so, akwai hanyarta, kuma ba ƙasƙantacciya ba ce. Cibiyar Bunƙasa Harkokin Gudanarwa ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da CMD, tana tantance masu horarwa ta ba su shaida. Bankuna suna da sashen horar da ma'aikata da za ka iya neman a mayar da kai. Makarantun koyon kasuwanci, irin ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta Legas, duk suna da buƙatar mutanen da suka taɓa riƙe ofis da gaske, su zo su yi wa ɗalibai bayanin yadda abin yake. Wannan ba sai ka bar aikinka ba.

Amma mu ɗauka farfesan kake so da gaske. Abu na farko, je ka tambayi makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar da kake so matsayin MBA ɗinka. A yawancin jami'o'in Najeriya ana ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, ba ya kai mutum digirin digirgir, wato PhD, kai tsaye. Sai ka yi MSc ko MPhil, wato digirin gaba mai kundin bincike, da sakamako mai kyau. Mutane da yawa sai sun ajiye aiki suke jin wannan labari. Haka kuma ka bambance PhD da DBA. Na biyun an tsara shi ne don manajoji masu son zurfafa ilimi suna kan aikinsu, kuma ba kowace jami'a ce ke ƙirga shi daidai da PhD wajen ƙarin girman malamai ba. Ka nemi a nuna maka abin da ke rubuce a ƙa'idar jami'ar, kada ka tsaya a kan "ai babu matsala" ta baki.

Sai tsani. Daga mataimakin lakcara zuwa lakcara mai daraja ta biyu, zuwa ta ɗaya, zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, sannan farfesa, ƙarin girma biyar ke nan, kuma galibi shekara uku ce mafi ƙaranci tsakanin kowanne. Ka ga shekara 15 idan komai ya tafi daidai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya shigo da digirin digirgir a hannu yawanci daga lakcara mai daraja ta biyu yake farawa, ya tsallake mataki ɗaya, kuma ya tsallake wahalar yin karatun a kan ƙaramin albashi. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, saboda haka ko ka kai wurin kana ɗan shekara hamsin da wani abu, kana da sauran aiki a gabanka. Shi ya sa na ce ba ka makara ba.

Kada kuma ka gina lissafinka a kan tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Ma'aikatan manyan makarantun gwamnati kawai yake shafa, akwai layi, akwai sharaɗin komawa ka yi wa makarantarka aiki, kuma tun farkon 2025 hukumar ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje. Zamanin da abokan aikinmu suke tururuwa Malesiya yin digirin digirgir a fannin gudanarwa da kuɗin gwamnati ya ja baya. Akwai wasu ƙofofin: makarantun kasuwanci na Amurka kan ɗauki nauyin ɗaliban PhD har da kuɗin kashewa, na kusan shekara biyar, bayan jarrabawar GMAT ko GRE, a ƙasashe irin su Holan da Suwidin kuma ɗalibin PhD ma'aikaci ne mai albashi. Gasar tana da zafi, kuma abin da za su fara dubawa shi ne ko kana da tambayar bincike mai ma'ana. Mun sake dawowa kan tambaya.

Bari in daɗe a nan, domin nan ne nake ganin kana da jarin da ba ka san kana da shi ba.

Littattafan shugabanci da ake sayarwa a bakin titi da filin jirgi, waɗanda ke lissafa halaye bakwai ko goma na babban shugaba, ba su ne fannin ba. Tun 1948 Ralph Stogdill ya tattara binciken da aka yi a kan halayen shugabanni, ya nuna cewa hali kaɗai ba ya bayyana wanda zai yi jagoranci, yanayin da mutum ya samu kansa yana da babban tasiri. A 1978 James MacGregor Burns ya raba shugabancin ba-ni-in-ba-ka da shugabancin da ke sauya mabiya, Bernard Bass ya ɗauko wannan a 1985 ya shigo da shi ma'aikatu, daga baya shi da Bruce Avolio suka yaɗa takardar tambayoyin da ake auna shi da ita. Ka shiga ɗakin ajiye kundaye na kowane sashen gudanarwa a ƙasar nan, za ka tarar da jikokin wannan takarda jere a kan kantoci. Taken kusan ɗaya ne: tasirin salon shugabanci kaza a kan ƙwazon ma'aikata a ma'aikata kaza. An raba takarda ɗari uku ko huɗu, an zuba amsoshin a manhajar lissafi irin SmartPLS ko SPSS, sakamako ya fito cewa akwai alaƙa mai ƙarfi. Kusan kullum akwai alaƙa mai ƙarfi.

Kai da ka yi shekara 11 a banki ka fi ni sanin dalili. Ka miƙa wa yaron da ke aiki a kantar banki takarda ka ce ya auna manajansa, alhali ta hannun sakatariyar manajan za a karɓa, me kake tsammanin zai rubuta? Ga tsoro, ga kara, ga kunyar mu da ba ta barin mutum ya kushe na gaba da shi a rubuce. Sannan shi wannan yaron ne dai aka ce ya auna ƙwazon kansa a shafi na gaba. Wanda ya tashi da farin ciki ranar zai yabi manaja ya yabi kansa, wanda aka yi wa faɗa da safe zai rage wa duka biyun. Masana fannin sun daɗe da gane wannan ciwo. A 2013 Daan van Knippenberg da Sim Sitkin sun yi wa ra'ayin shugabanci mai sauya mabiya kaca-kaca, suna cewa an cakuɗa ma'anarsa da sakamakonsa, har suka ba da shawarar a ajiye ma'aunin. Tun kafin nan, a 1985, James Meindl da abokansa sun nuna yadda mutane ke son jingina nasara da faɗuwar kamfani ga shugaba ko da wasu dalilai ne suka jawo. Manyan mujallun fannin, irin su Leadership Quarterly, yanzu da wuya su karɓi aikin da aka gina a kan takardar tambayoyi guda da mutum ɗaya ya cike a zama ɗaya. Mu kuwa har gobe shi muke ba ɗalibai, saboda shi ya fi sauƙin dubawa.

Ayyukan da suka motsa fannin na waɗanda suka shiga cikin ma'aikata ne suka ga abin da ake yi. Henry Mintzberg shugabanni biyar kacal ya bi, kowanne mako guda, yana rubuta yadda suke kashe lokacinsu, abin da ya wallafa a 1973 ya rushe tunanin cewa manaja zama yake yana tsara dogon shiri a natse: aikinsu guntu-guntu ne, yawancinsa magana ce da baki. A Indiya, Nicholas Bloom da abokansa sun raba masaƙu gida biyu, aka koya wa kashi ɗaya tsarin kula da inganci da kayan ajiya, a shekarar farko amfanin da suke fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari. A Lome ta ƙasar Togo an gwada horo iri biyu a kan ƙananan 'yan kasuwa kimanin 1,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna waɗanda aka koya wa zaburar da kai da neman mafita ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, horon kasuwanci na gargajiya kuwa bai nuna tasirin da za a dogara da shi ba. Kai da kake son koyar da manajoji, wannan binciken naka ne, domin tambayarsa ita ce ko abin da muke koyarwa yana canza wani abu bayan an watse daga aji.

Yanzu dubi inda kake zaune. A banki ana yi wa manajoji canjin wurin aiki. Ofishi ɗaya, unguwa ɗaya, ma'aikata kusan su ne dai, amma manaja ya sauya. Me ke faruwa da yawan masu ajiye aiki, da kurakuran da ake yi a kantar biyan kuɗi, da bashin da ba a biya ba? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma amsarta tana cikin bayanan da malamin jami'a zai shekara yana rubuta wasiƙa bai samu ya gani ba. Ban ce ka kwashi bayanan ma'aikatarka ka fita da su ba, wannan cin amana ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. Izini a rubuce za ka nema, a cire sunaye, kada a taɓa sirrin masu ajiya. Amma wanda yake ciki, aka san shi da gaskiya, shi ake ba irin wannan izini. Ranar da ka miƙa takardar ajiye aiki, ƙofar ta rufe.

Ko kuma ka dubi abokan hulɗarka na Kantin Kwari da Singa da Dawanau. Maigida guda yana juya dukiya mai yawa da yara goma ko ashirin, babu takardar ɗaukar aiki, babu jadawalin muƙamai, amana ce da sanin asali. Yaya yake zaɓar wanda zai riƙe masa shago? Yaushe yake sallamar yaro ya ba shi jari, kuma me ke sa wani ya ƙi sallama har yaron ya gudu? Me ya sa kasuwanci da yawa ke watsewa da zarar an yi sadakar arba'in an raba gado, alhali gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya ci gaba har jikoki da tattaɓa-kunne? Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a shekarun 1960 ya yi nazarin yadda masu gida da dillalai Hausawa suke riƙe cinikin shanu da goro a kan bashi da amana, har yau ana karanta aikinsa. Babban binciken GLOBE a kan shugabanci da al'adu da aka wallafa a 2004 ya shafi al'ummomi 62 har da Najeriya, amma manajojin kamfanoni aka tambaya, ba maigidan Kwari ba. Waɗannan mutane sun san ka, sun zauna a ofishinka, za su gaya maka abin da ba za su gaya wa ɗalibi mai yawo da takarda ba.

Wani zai ce maka ka ɗauko rubuce-rubucen magabata, irin nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ko abin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa a kan hukunci da mulki. Karanta su, taska ce, kuma abin kunya ne a ce ɗalibin shugabanci a Kano ya san Bass bai san su ba. Sai dai su suna faɗin yadda ya kamata shugaba ya kasance ne. Bincike kuwa yana tambayar abin da shugabanni suke yi a zahiri da abin da yake haifarwa. Na sha ganin kundin da ya fara da niyyar bincike ya ƙare a wa'azi ko yabon wani babba, kuma mujallar kirki ba ta karɓar ko ɗaya daga ciki.

To ga abin da nake ba ka shawara. Nemi gurbin MSc kana kan aikinka, ka sanar da ma'aikatarka a rubuce don kada ya zame maka laifi. Kafin a fara karatu, samo maƙalu goma daga manyan mujallun fannin, ka haɗa da Africa Journal of Management, ka karanta su har sashen hanyar bincike da lissafi, wanda kowa ke tsallakewa. Za ka sha wuya. Abin lura shi ne ko wuyar tana sa ka neman ƙarin bayani ko tana sa ka barci, domin haka sauran rayuwarka za ta kasance. Gyara ƙididdigarka tun yanzu. Wajen zaɓar mai duba aikinka, kada girman suna ya ruɗe ka: duba abin da ya buga a shekaru biyar da suka wuce, sannan ka keɓe da ɗalibansa ka tambaye su wata nawa babi ke yi a teburinsa. Kuma ka guji mujallun da ke aiko saƙo suna cewa ka biya a buga maka cikin mako biyu. Suna cika takardar neman ƙarin girma, amma duk wanda ya san fannin ya gan su a jerin ayyukanka zai ajiye takardarka gefe.

Batun gida kuwa, shirun maiɗakinka magana ce, kuma ita ya kamata ka fara zama da ita tun kafin ka rubuto mini. Ku ɗauki takarda ku rubuta kuɗin haya, da na makarantar yara, da maganin Hajiya, da na ƙannenka, da cefane. Sannan ku gwada rayuwa a kan albashin lakcara har wata shida, ragowar ku ajiye ba a taɓawa. Za ku gane ko abin zai yiwu, kuma ajiyar za ta yi muku rana. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, gwamnatin tarayya ta riƙe albashinsu. A 2020 ma an yi na wata tara. Wasu jami'o'in jihohi kuma ko babu yajin aiki albashi kan makara. Mai iyali bai kamata ya shiga wannan aiki ba tare da abin da zai riƙe gida na waɗannan watanni ba. Idan akwai bashin ma'aikata a kanka, na mota ko na gida, karanta sharuɗɗansa, domin sau da yawa sauƙin da ake yi wa ma'aikaci yana tafiya ne tare da aikin.

Hajiya kuma kada ka ja da ita. Ba ilimi take ƙi ba, tsoro take ji, kuma tsoronta yana da tushe tun da kai ne ginshiƙin gidan. Ka ce mata ka ji maganarta, ba za ka bar aiki yanzu ba, karatu za ka ƙara, ka roƙi addu'arta. Nan da shekara biyu ko uku, wataƙila ɗaya daga cikin ƙannenka ya kammala ya rage maka nauyi, kana da MSc, kana da ajiya, maganar za ta zo mata da wata fuska dabam. Ka yi istihara, ka kuma nemi wani babba da take jin maganarsa ya kasance a wurin ranar da za a sake tayar da zancen.

Gurbin da abokinka ya faɗa maka, ka nema. Ka je ganawar, ka tambaye su a wane mataki za su ɗauki mai MBA, darasi nawa za a ba ka, ko suna sakin malami ya tafi karatu da albashinsa, kuma yaushe aka biya albashin watan jiya. Idan sun ba ka, tambaye su ko za su yarda ka fara da koyarwar wucin gadi a ƙarshen mako. In sun ƙi, ka gode musu ka bar shi, jami'o'i ba za su daina neman mai digirin digirgir da gogewar aiki ba. Takardar ajiye aiki kuma kada ka rubuta ta sai takardar ɗauka ta dindindin tana hannunka, an kuma tabbatar maka sunanka ya shiga jerin masu albashi. Idan ka kammala maƙalu goman nan, rubuto mini tambayar da ta tsaya maka a rai, in ga ko za ta ɗauki kundi.